Kafin ka tambayi malam rabon gado, gyara tambayarka

A shirye-shiryen fatawa na gidajen rediyo da zaurukan karatu bayan Magariba, tambayar gado ba ta yankewa, kuma yawancinta a gurguje take zuwa: "Allah gafarta Malam, mahaifinmu ya rasu ya bar gida da mu bakwai, yaya za a raba?" Wannan tambaya ba ta amsuwa. Malamin da ya amsa ta a haka, ya yi lissafi ne a kan iyalin da bai sani ba. A ganina, yawan rigimar da ake ɗora wa "saɓanin malamai" a sha'anin gado, daga bakin masu tambaya take farawa.

Abu na farko shi ne a lissafo kowa, har wanda ake zaton ba zai samu ko sisi ba. Ga misali. Mutum ya rasu bai haihu ba, ya bar mata da uwa da uba, abin da ya rage bayan biyan bashi naira 1,200,000 ne. Matar tana da rubu'i, wato 300,000. Uwa ta ɗauki sulusin abin da ya saura, 300,000, uba ya kwashe 600,000. To amma idan mamacin yana da 'yan'uwa biyu ko fiye, uba ya katange su, ba su da komai, sai dai kasancewarsu kawai ta mayar da uwa kan sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida, kamar yadda aya ta 11 ta Suratun Nisa'i ta nuna. Uwa ta koma 200,000, uba ya tashi da 700,000. Mai tambayar da ya ce a ransa "ai ƙannensa ba sa ciki" ya yi shiru a kansu, ya karkatar da naira 100,000 ba tare da ya yi ƙarya ko ɗaya ba.

Kuma "ɗan'uwa" kaɗai bai wadatar ba. A faɗi ko uwa ɗaya uba ɗaya ne, ko uba suka haɗa, ko uwa. Wanda suka haɗa uwa kaɗai yana da sudusi idan shi ɗaya ne, idan suna da yawa su raba sulusi daidai, mace da namiji, muddin mamacin bai bar ɗa ko 'ya ko jika ta wajen ɗa namiji, ko uba ko kaka namiji na wajen uba ba. "Mu bakwai" ma haka: maza nawa, mata nawa?

Sai jerin mutuwa, inda aka fi yin tuntuɓe. Wa ya riga wa? Ɗan da ya riga mahaifinsa rasuwa ba ya gado, 'ya'yansa kuma baffanninsu sun katange su. Amma idan ya rasu ko da awa ɗaya bayan mahaifin, rabonsa ya tabbata, ya gangara zuwa ga matarsa da 'ya'yansa. Gidajen da aka bari shekara ashirin ba a raba ba, magada uku ko huɗu sun rasu a tsakani, ba tambaya ɗaya ba ce, tambayoyi ne a jere, kowace da nata lissafi. A rubuto sunan kowa da lokacin rasuwarsa a takarda.

Akwai kuma abin da kunya ko son rai ke sa a haɗiye. Matar da aka saka saki na kome tana cikin idda, tana gado. A mazhabar Malikiyya, wadda miji ya saka yana cikin ciwon ajali ma tana gado. Idan wata daga cikin matan tana da juna biyu, ana jinkirta rabo har ta haihu. Ragowar sadakin da ba a biya ba bashi ne, ana cire shi kafin wasiyya, wasiyya kuma ba ta wuce sulusi. Gonar da babban wa yake cewa "Baba ya ba ni tun yana raye", tambayar da ta dace a kanta ita ce ko ya karɓe ta a hannunsa kafin rasuwar, domin kyautar da ba a karɓa ba tana komawa cikin gado.

Malamai ma suna da nasu laifin. Minti biyu a rediyo ba ya isa a warware gadon gida mai mata uku, kuma babu abin kunya a ce wa mai tambaya ya zo da takarda gobe. Amsar da aka bayar a gaggauce ita ce wadda ake naɗa a waya, a kai taron dangi a kunna, a ce "ga abin da Malam ya ce", alhali Malam bai taɓa jin labarin amaryar da ke ɗakin baya ba.

Idan kuwa har akwai jayayya a kan wane ne magaji ko wace kadara ce ta mamacin, maganar ta wuce fatawa. Malam yana amsa abin da aka gaya masa ne, alƙalin kotun shari'a shi ke kiran ɗaya ɓangaren, ya nemi shaidu, ya rantsar.