Littattafan firana da sunayen da ba na kifin ba

Jama'a masu kiwon kifin ado, ina da ƙorafi a kan littattafan da ake rubuta mana game da firana, wato kifin nan mai kaifin haƙora na Kudancin Amurka. Hotuna dai ba a magana, takarda sai sheƙi. Amma duba sunan da ke ƙasan hoton, sau da yawa na wani kifin ne daban. Abin yana ci mini rai, domin da wannan sunan sabon shiga yake zuwa sayen kifi, da shi yake zaɓen girman tankin gilashi, da shi yake yanke shawarar ko guda zai saka ko shida.

Firana dangi ne masu yawa a kogunan Kudancin Amurka, kuma halinsu ya sha bamban. A 1993 masanin kifi William Fink ya sake tantance dangin Pygocentrus, ya tsayar da su uku: nattereri mai jan ciki, wanda masanin kifi Kner ya raɗa wa suna tun 1858, da cariba na kogin Orinoko mai baƙin tabo a bayan kai, da piraya na kogin São Francisco a Birazil. Waɗannan suna iya zama a garke idan akwai wadatar wuri. Dangin Serrasalmus kuwa yawancinsu masu gatsar fiffike da wutsiyar wasu kifaye ne, shi ya sa ake ajiye kowanne shi kaɗai. To tsofaffin littattafai suna kiran mai jan cikin da Serrasalmus nattereri, wasu na baya kuma suka kwafe sunan haka nan ba gyara. Mai karatu ya ga duk Serrasalmus ne, ya karanta cewa suna zama a garke, ya haɗa Serrasalmus rhombeus huɗu a tanki ɗaya. Kafin ya ankara wutsiyoyi sun ƙare, daga baya kifin ma su bi.

Shi rhombeus ɗin nan ya fi kowa shan sunan ƙarya. Yana ƙarami fari ne kamar azurfa, da ɗigo-ɗigo a jiki da tsinin baki. Idan ya manyanta sai ya yi duhu, idonsa ya yi jawur, tsawonsa ya kai kusan santimita 40. Wanda ya ga hotunan biyu zai rantse kifi biyu ne, kuma an sha buga su da suna biyu, babban a kira shi niger. A ɗaya gefen, ƙananan Serrasalmus sanchezi na ƙasar Feru suna kama da ƙananan rhombeus, alhali su ba sa yin wannan girman. Kama da wane ba wane ba ne.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne faku, wato Piaractus brachypomus. Ɗansa yana da jan ciki, kai ka ce nattereri ne. Amma wannan kifi ne mai cin 'ya'yan itace da iri, yana iya wuce santimita 80, babu tankin ɗaki da zai ɗauke shi. Kuma bambance su ba wuya: muƙamuƙin firana na ƙasa ya turo gaba, haƙoransa layi ɗaya ne masu kaifi, na faku kuwa masu faɗi ne irin na tauna, layi biyu a sama. Littafin da ya kasa nuna wannan a shafi guda, me ya koyar?

Na yarda aikin yana da wuya. Su kansu masana sun daɗe suna cakuɗa spilopleura da maculatus, duka 'yan dangin Serrasalmus, ga launin kifi yana sauyawa da shekaru da irin ruwan da yake ciki. Laifin da nake gani shi ne marubuci ya ari hoto a wurin dillali, ya ɗora sunan da dillali ya faɗa, ya buga kamar tabbatacce. Abin da muke nema kaɗan ne. A faɗi kogin da aka kamo kifin, a faɗi tsawonsa lokacin da aka ɗauki hoton, a nuna ƙarami a nuna babba. Inda babu tabbas, a rubuta sunan dangin kawai a tsaya nan.

Kai kuma mai saye, duba shekarar da aka fara buga littafin kafin ka dogara da sunayensa, sannan ka tambayi mai sayar da kifin daga wane kogi aka kawo shi. Idan bai iya faɗa ba, kuma kifin ya yi kama da Serrasalmus, ka ware masa tanki shi kaɗai.