Yadda kurket ya raba ni da kujerata

Yayana ba ya iya zama gaban talabijin sai da rimot a hannunsa. Ran nan ya shigo ya tarar ina kallon kurket, Ingila da Ostireliya, ya ce in mayar mana ƙwallon ƙafa. Ba na iya yi masa musu, sai na ɓullo masa ta bayan gida: bari in zayyana masa dokokin wasan dalla-dalla, na san kafin in kai rabi zai tuna yana da uzuri. Na sha korar baƙi da wannan dabarar.

Na ce, "Yaya, kowane ɓangare mutum 11 ne. Amma masu bugu biyu kaɗai suke shiga fili, sauran suna zaune suna jiran layi."

"Biyu a tsakiyar sha ɗaya? Ai wannan taron dangi ne."

Na nuna masa doguwar farfajiyar da ke tsakiyar fili, yadi 22, kowane ƙarshe an kafa sanduna uku da 'yan ƙananan itatuwa biyu a ɗore a kansu. Mai jifa so yake ya kakkaɓe su, mai bugu yana karewa da faffaɗan katakonsa. In ya doki ƙwallo, shi da abokinsa su yi musayar wuri a guje, maki ɗaya ke nan. Ta gangara har ta taɓa igiyar iyaka, huɗu. Ta tsallake ta sama ba ta taɓa ƙasa ba, shida. Jifa shida shi ne oba ɗaya, daga nan wani mai jifan ya karɓa daga ɗaya ƙarshen.

Na saci kallonsa in ga ko ya fara hamma. Ashe ya matso.

Sai na sako manyan makamai. Na lissafa hanyoyin fitar da mai bugu: a buge sandunansa, a cafe ƙwallonsa a sama, a kakkaɓe sanduna da ƙwallo yana gudu kafin ya isa layi, ko ƙafarsa ta tare ƙwallon da alƙali ya tabbatar sanduna za ta buga. Wannan ta ƙarshen ita ce ke kashe wa sababbin 'yan kallo gwiwa, don sai an duba inda ƙwallo ta fara dira da inda ta sami ƙafa. Na ƙara da cewa alƙali ba ya korar kowa sai 'yan fili sun ɗaga murya sun kai ƙara, sannan ya ɗaga yatsa ɗaya. Nan Yaya ya tafa hannu. Wai bai taɓa jin wasan da doka ta halatta yi wa alƙali ihu ba.

Ana cikin haka 'yan wasa suka bi layi suka fice. Ya ce an tashi? Na ce a'a, hutun shan shayi ne na minti 20, ɗazu ma sun yi na cin abinci, minti 40. Sannan na jefa abin da na tabbatar zai kore shi: irin wannan wasan, Tes, yakan kai kwana biyar, kowane ɓangare ya yi bugu sau biyu, kuma galibi ba a gama da ɓangare sai an fitar da mutum 10. Har na ba shi labarin 1939 a Durban, lokacin da Ingila da Afirka ta Kudu suka yi kwana da kwanaki suna bugawa, aka watse ba wanda ya ci saboda jirgin ruwan Turawan Ingila zai tashi.

Yaya ya cire takalmi, ya ce in tashi masa daga kujerar da ta fi fuskantar allo.

Washegari ya dawo, jibi ma haka. Na yi ƙoƙarin sayar masa da gajerun nau'o'in. Na ce akwai na yini ɗaya, oba 50 kowane ɓangare, tun 1971 ƙasashe ke buga shi. Akwai kuma T20 da aka fara a Ingila a 2003, oba 20, cikin kamar awa uku an gama kowa ya koma gidansa (na nanata wannan wurin). Ya ce wasan marasa haƙuri ne. Mutumin da ranar farko ya ɗauka katakon bugu allon karatu ne.

Ranar ƙarshe Ostireliya saura mutum ɗaya ta fitar. Su kuwa 'yan Ingila biyun da suka rage suka tsaya tare ƙwallo kawai, ba gudu ba neman maki, har lokaci ya cika. Alƙali ya sauke 'yan itatuwan, aka yi musabaha.

"Wa ya ci?"

"Babu, Yaya. Canjaras ne. In lokaci ya ƙare ba a gama ba, shi ke nan."

Ya dube ni kamar ni na rubuta dokar. Ya ce kwana biyar ɗinsa fa? Ya sa takalmi yana faɗa, ya rantse shi da kurket har abada. Na raka shi bakin ƙofa ina ba shi haƙuri a baki, zuciyata fari ƙal.

Sai ɗana, wanda ba wanda ya tambaye shi, ya leƙo ya ce, "Baffa, ai karo biyar suke yi. Wannan na farko ne."

Yaya ya tsaya, hannunsa a kan marfin ƙofa. Ya ce, "Yaushe ne na biyun?"