Minti 200 ne kacal, ko da benci ya cika da taurari

Jama'a, ku yi haƙuri da tsawon wannan rubutu. Musun da muka yi a majalisa shekaranjiya ne ya hana ni sakat. Wani abokina yana da ƙane da ya samu gurbin karatu a wata ƙaramar jami'a a Amurka saboda ƙwallon kwando. Wata uku ke nan ana kakar wasa, yaron bai taɓa wuce minti shida a fili ba. Abokin nan nawa ya rantse ya maya cewa kocin ne ba ya ƙaunar yaron. Wani kuma ya ce ai kamata ya yi koci ya raba lokaci daidai wa daida, tunda kowa da gumi ya zo. Na ce musu an taɓa gwada wannan rabon daidai ɗin, a ƙungiyar da ta fi kowace dacewa da shi, kuma wanda ya gwada da bakinsa ya ce ba zai ƙara ba.

Ku fara da lissafi, don shi ne ba ya son kai. Wasan jami'a na maza minti 40 ne, rabi biyu, kowanne minti 20. Mutum biyar ke cikin fili. Biyar sau arba'in, minti 200. Shi ke nan tuwon da ke cikin tukunya. Shekara da shekaru dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta ba kowace babbar jami'a damar ɗaukar nauyin 'yan wasa 13. In ka raba 200 gida 13, kowa zai tashi da minti 15 da 'yan daƙiƙu. Babu ɗan wasan kirki da zai yarda da wannan, babu kuma kocin da zai zaunar da gwaninsa minti 25 don a ce ya yi adalci.

Yanzu ga labarin ƙungiyar jami'ar Kentucky na kakar 2014 zuwa 2015. A Afrilun 2014 sun je wasan ƙarshe na gasar kofin NCAA, Connecticut ta doke su 60 da 54. An saba ganin yaran kocinsu John Calipari suna yin shekara ɗaya su wuce NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, amma a wannan karon da yawa suka dawo: tagwayen nan Aaron da Andrew Harrison, Willie Cauley-Stein, Alex Poythress, Dakari Johnson da Marcus Lee. Ga kuma sababbi huɗu da aka riga aka yi wa alkawari: Karl-Anthony Towns, Devin Booker, Trey Lyles da Tyler Ulis. Mutum goma, kowannensu da zai je wata jami'ar shi za a gina ƙungiya a kansa. Calipari bai shirya wannan cunkoson ba, faɗo masa ya yi. Sai ya raba su runduna biyu, biyar-biyar. Rundunar farko ta yi 'yan mintoci, a kwashe ta gaba ɗaya, ta biyu ta shigo da sabon numfashi.

Wallahi a farkon kakar abin gwanin kallo ne. A Nuwamba suka haɗu da Kansas, wadda ita ma ba kanwar lasa ba ce, suka lallasa ta 72 da 40. A Disamba suka samu UCLA a Chicago, aka tafi hutun rabin lokaci Kentucky tana da 41, UCLA tana da 7. Bakwai fa, a minti ashirin. Na tuna ina zaune da waya a hannu cikin dare, na ɗauka intanet ce ta tsaya. Abokin hamayya yana haki yana dafa gwiwa, sai ya ɗaga kai ya ga wasu dogaye biyar suna cire rigar ɗumi a gefen fili. A lokacin kowa cewa yake sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ballantana a nan yawan da ƙarfin duk gida ɗaya suke.

Ga farashin da yaran suka biya. Towns, wanda Minnesota ta ɗauka na ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA na 2015, minti 21 yake bugawa a wasa, maki goma da ɗoriya. Booker bai taɓa fara wasa ko sau ɗaya ba a Kentucky, daga benci yake tasowa, kuma shi ne wanda bayan shekara biyu ya zuba wa Boston maki 70 a dare ɗaya. Wanda ya fi kowa cin maki a ƙungiyar, Aaron Harrison, 11 yake samu a wasa. Babu wanda ya wuce minti 26. Duk da haka shida daga cikinsu aka ɗauka a NBA a wannan shekarar, huɗu cikin mutum 13 na farko. Wannan shi ne abin da na so abokina ya ji tukuna: masu neman 'yan wasa ba adadin minti suke ƙirgawa ba, abin da ka yi da mintin suke kallo.

Sun ci wasa 38 a jere. Rabon da wata ƙungiyar maza ta gama kaka ba a doke ta ba tun Indiana ta koci Bob Knight a 1976. Saura wasa biyu. Ran 4 ga Afrilu 2015 a Indianapolis, wajen ƙarfe biyu na dare agogon Najeriya, Wisconsin ta koci Bo Ryan ta tare su a wasan kusa da na ƙarshe, ta ci 71 da 64.

A nan nake rabuwa da masu saurin yanke hukunci, waɗanda ke cewa tsarin runduna biyu ne ya kashe Kentucky. Ba haka ba ne kai tsaye. Tun a Disamba Poythress ya tsinke jijiyar gwiwa a wurin atisaye, tsarin ya fara warwarewa, kuma kafin Maris Calipari ya koma sauya mutum ɗaya-ɗaya kamar kowa. Abin da na gani a daren nan daban ne. Kentucky tana gaba 60 da 56, saura kamar minti shida. Sau uku a jere suka riƙe ƙwallo har daƙiƙa 35 da ake ba ƙungiya ta yi jifa suka ƙare ba su yi jifan da ya taɓa ƙarfen kwando ba. Towns, wanda mako guda kafin nan ya ci wa Notre Dame maki 25 babu mai iya tsayar da shi a gindin kwando, yana tsaye ƙwallo ba ta iso shi ba. Wisconsin kuwa ba ta da wannan ruɗanin. Shekara biyu suna tare, kowa ya san in wuya ta yi wuya Frank Kaminsky ko Sam Dekker za a nema. Dekker ya ja baya ya jefa mai maki uku, daga nan ba su ƙara waiwayowa ba.

Ra'ayina ke nan: yawan gwanaye yana cin wasannin Nuwamba da Janairu, yana kare ka daga rauni da gajiya, amma yana jinkirta amsar tambaya guda, wato hannun wa ƙwallo za ta kasance in saura minti uku kuma maki ya yi kunnen doki. Ƙungiyar da ta saba cin wasa da tazarar ashirin ba ta samun damar koyon wannan darasin sau da yawa. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Ku duba wanda ya ɗauki kofin bayan kwana biyu. Jami'ar Duke ta koci Mike Krzyzewski ta shiga gasar da mutum takwas kacal masu gurbin karatu. Semi Ojeleye, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya bar su a Disamba ya koma jami'ar SMU, domin ba ya samun wasa. A Janairu aka sallami Rasheed Sulaimon daga ƙungiyar. Saura takwas. A wasan ƙarshe Wisconsin ta wuce su da maki tara a rabi na biyu, Jahlil Okafor da Justise Winslow suna fama da yawan laifi, kuma a jami'a laifi biyar ake fitar da mutum, ba shida ba irin na NBA. Sai Krzyzewski ya juya ga Grayson Allen, yaron da duk kakar bai kai minti goma a wasa ba, akwai ma darare da ko takalminsa bai taka fili ba. Allen ya ci wa Duke maki takwas a jere, ya gama da 16, Tyus Jones ya ƙarasa aikin da 23, aka tashi 68 da 63. Mutum na takwas ne ya ceci kofin. Da Ojeleye da Sulaimon suna nan, wa ya sani ko Allen zai samu atisayen da ya samu tare da manyan a watanni biyun ƙarshe? Ni ban yarda cewa sa'a ce kawai ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, yaron ya san matsayinsa tun Fabrairu, ya san kuma in an kira mutum na takwas shi ake nufi, babu wani.

Bayan kakar Calipari ya fito fili ya ce ba zai sake raba runduna biyu ba. Dalilin a bayyane yake: sauran kociyoyi sun samu sandar dukansa. Suna shiga falon iyayen yaro su ce, ɗanku zai je can ya buga minti ashirin, mu kuwa talatin da biyar za mu ba shi. (Abin dariya, a 2024 matsalar ta dawo masa ta wata ƙofar. Reed Sheppard da Rob Dillingham suna tasowa daga benci kusan duk kakar, magoya baya suna ta ƙorafi, Oakland ta fitar da Kentucky a zagayen farko na gasar kofin, wani ɗan wasanta Jack Gohlke da shi ma daga benci ya taso ya jefa masu maki uku har goma. Sheppard ya tafi NBA a matsayi na uku, Dillingham na takwas, Calipari kuma ya tattara ya koma Arkansas.)

Yau ma ko koci yana so ba zai iya tara irin waccan goman ba, sai dai in aljihu ya yi magana. Da can in ka sauya jami'a sai ka zauna shekara guda ba ka buga wasa ba, wannan ya sa yara da yawa suke cije haƙori su zauna. A 2021 aka cire wannan sharaɗin ga sauyin farko, a shekarar ce kuma aka halatta wa ɗan wasa ya karɓi kuɗi da sunansa da hotonsa. Daga 2024 kana iya sauya sheƙa kowace shekara. A 2025 kotu ta amince da yarjejeniyar da ta ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye, aka mayar da iyakar 'yan ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza 15. Kujerun masu gurbin karatu sun ƙaru, mintin yana nan 200. Ba na cikin masu kukan cewa yaran yanzu ba su da haƙuri. Koci yana barin ƙungiya da tsakar dare in an ƙara masa albashi, ba wanda ya kira shi butulu. Ojeleye da ya koma SMU ya zama gwarzon ɗan wasan rukuninsu a 2017, Boston ta ɗauke shi. Tafiyarsa daidai ce.

Amma zama ma yana da nasa ladan, kuma mu 'yan Najeriya muna da misali a gida. Hakeem Olajuwon da ya bar Legas ya sauka jami'ar Houston a 1980, shekarar farko bai buga wasa ko ɗaya ba. Shekara ta biyu daga benci kocinsa Guy Lewis yake tayar da shi, minti 18, maki takwas. Ya tafi hutun bazara yana gwabzawa da tauraron NBA Moses Malone a wani ɗakin wasa na unguwa, ya dawo wani mutum daban, a 1984 aka ɗauke shi na ɗaya a NBA, gaban Michael Jordan. Ko a Kentucky ɗin nan ta 2015 akwai Derek Willis da Dominique Hawkins, 'yan asalin jihar, waɗanda ko cikin runduna biyun ba su shiga ba da farko. Sun zauna shekara huɗu, a 2017 da su aka dogara har zuwa zagayen ƙungiyoyi takwas.

To yaushe ake zama, yaushe ake tafiya? Ni a ganina ba yawan minti ne ma'auni ba, gaskiyar koci ce. Kocin da ya ce maka tun Oktoba, kai ne na goma, ga abu biyu da in ka gyara za ka zama na takwas, wannan ya mutunta ka ko da minti uku yake ba ka. Wanda ya yi wa mutum goma sha uku alkawarin minti ashirin-ashirin a falon iyayensu, ya san ƙarya yake yi tun kafin ya sha ruwan da aka kawo masa, don lissafin ya kai 260. Laifin da nake gani a wurin kociyoyi da yawa ba ajiye yaro a benci ba ne. Laifin shi ne su ɗebo yara fiye da buƙata don kada abokin hamayya ya same su, sannan su bar su cikin duhu.

Na ce wa abokina ya bar maganar ƙiyayya, ya tambayi ƙanen nasa abubuwa uku in sun yi waya. Mintinsa shida ɗin nan, a rabin farko yake samun su lokacin da wasa ke da zafi, ko sai an riga an ci ko an sha kashi? Mutanen da ke gabansa a matsayinsa, 'yan shekarar ƙarshe ne masu tafiya a Mayu ko sa'o'insa ne? Sannan a wurin atisaye, da 'yan biyar ɗin farko ake haɗa shi wani lokaci, ko kullum shi ne mai kwaikwayon abokan hamayya? Ya kira shi a gabanmu, ya sa a lasifika. Yaron ya ce biyun da ke gabansa duk 'yan shekarar ƙarshe ne, kuma makon jiya an sa shi a rabin farko sau biyu saboda ɗayansu ya tara laifi da wuri. Abokina ya yi shiru, ya ce to amma dai minti shida ya yi kaɗan. Mai shayi ya ce a biya shi kuɗinsa zai rufe.