Mutumin da ya ƙi yaƙi, amma ƙafarsa ta zame sau ɗaya

Jiya da daddare a majalisarmu gardama ta kaure kan wani yaƙi da ake gwabzawa can wata nahiya. Kowa ya kama ɓangarensa kamar ana kallon ƙwallo. Wani ya miƙo min waya, ga bidiyon makami mai linzami ya sauka kan wani bene, sai kawai na ji bakina ya ce, "Madalla, sun ji a jikinsu!" Ni da kullum nake cika baki cewa ba na son yaƙi. Sai da na kwanta abin ya dawo min, domin benen nan akwai mutane a cikinsa. Shi ya sa na wayi gari da Erich Mühsam a raina.

Marubuci ne Bajamushe, an haife shi a Berlin a 1878, ya tashi a garin Lübeck inda mahaifinsa ke da kantin magani. Bayahude ne. Na san akwai wanda zai tsaya da karatu daga nan, amma ka daure, ɗan'uwa, labarin bai ma fara ba. Tun yana ɗan sakandare aka kore shi a 1896, saboda ya kai wa jaridar 'yan gurguzu rahoton abin da ke gudana a makarantarsu. Uban ya sa shi koyon haɗa magani, ya yi na ɗan lokaci, ya watsar, ya koma Berlin ya kama alƙalami. A can ya haɗu da Gustav Landauer, wanda ya zame masa malami kuma amini, ya rungumi aƙidar nan ta cewa mutane su tafiyar da al'amuransu da kansu, ba sarki, ba gwamnati, ba soja.

Bari in faɗa tun yanzu, ban sayi wannan aƙida ba. Duk wanda ya ga ƙauyen da hukuma ta janye ta bar wa 'yan bindiga ya san rashin gwamnati ba 'yanci yake haifarwa ba, sabon sarki yake naɗawa, mai bindiga a kafaɗa. Abin da ya riƙe ni game da mutumin nan daban ne.

Bakinsa kaifi gare shi. Akwai wata waƙarsa da ya yi wa SPD, babbar jam'iyyar 'yan gurguzu ta Jamus, shaguɓe, kan wani mai goge fitilun titi da ya shiga juyin juya hali da hula a karkace, yana ta ihu. Da jama'a suka fara tumɓuke fitilun don su tare hanya, sai gogan ya hau roƙo a bar masa fitilunsa, ƙarshe ya koma gida ya zauna. A birnin Munich kuma, daga 1911, Mühsam ya riƙa fitar da mujalla mai suna Kain, shi kaɗai yake rubuta ta daga bango zuwa bango, yana caccakar 'yan sanda da masu tace rubutu da hafsoshin da ke wasa wuƙa.

Sai ga watan Agusta na 1914. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, tituna suka cika da tutoci da badujala, 'yan mata na saƙala wa sojoji furanni a bakin bindiga. Ranar 4 ga wata 'yan SPD a majalisa suka amince da kuɗin yaƙi. To shi fa, mai yi musu dariya? Ya dakatar da mujallarsa, ya fitar da sanarwa ga masu karatu, a ciki har yana fatan a yi nasarar kare mata da 'ya'yan Jamus daga gungun baƙi. Mutumin da ya shekara da shekaru yana cewa talakan Faransa da talakan Jamus uwa ɗaya uba ɗaya ne, ga shi yana kiran wasu baƙi. Shi ma ya roƙi a bar masa fitilunsa.

Nan ne wurin da nake ta juyawa. Masu ba da tarihinsa da yawa sukan bi ta kan wannan da gudu, kamar abin kunya ne da ya kamata a rufe. Ni kuwa saboda wannan zamewar nake yarda da sauran rayuwarsa. Zazzaɓin yaƙi ba ya tambayar karatunka. Ko Kropotkin, babban malamin masu wannan aƙida, ya goyi bayan ɓangaren Faransa da Rasha, kuma bai janye ba. Mühsam ya janye. Ba a daɗe ba ya ji kunyar kalamansa, bai tsaya kame-kame da "ba haka nake nufi ba", ya koma neman duk wanda zai haɗa kai da shi a yi wa yaƙin tawaye. A lokacin kuwa abin ba sauƙi: a Disamba 1914 Karl Liebknecht shi kaɗai ya ce a'a ga kuɗin yaƙi a duk majalisar. Mühsam ya mara wa yajin aikin ma'aikatan masana'antun makamai baya a Janairu 1918, hukuma ta kore shi daga Munich ta killace shi a garin Traunstein. Kafin a ajiye makamai, Jamus kaɗai ta binne sojoji wajen miliyan 2.

Abin da ya biyo baya ya fi ɗaci. Mühsam yana cikin waɗanda suka ayyana jamhuriyar majalisun ma'aikata a Munich ranar 7 ga Afrilu 1919. Bayan kwana shida aka kama shi, kuma kamun ne ya tsirar da ransa, domin da sojoji suka shigo gari, Landauer duka da harbi suka yi masa har lahira a gidan yarin Stadelheim. Kotu ta yanke wa Mühsam shekara 15. A wannan gari dai, Hitler ya yi yunƙurin juyin mulki da bindigogi a 1923, aka zubar da jini, aka ba shi shekara 5. Dukansu biyu aka sake su a Disamba 1924: mawaƙin ya share fiye da shekara 5 a ɗaure, Hitler bai fi shekara guda da 'yan makonni ba. Alƙalan sun san wanda suke tsoro.

Da ya fito bai yi laushi ba. Ya yi ta fafutukar fursunonin siyasa, ya kafa wata mujallar mai suna Fanal a 1926, yana gargaɗi kan 'yan Nazi tun mutane na ɗaukarsu 'yan tasha masu hayaniya. Daren da aka ƙona ginin majalisar dokoki, ƙarshen Fabrairu 1933, yana shirin tsallakawa Prag, babban birnin Cekoslovakiya, 'yan sanda suka buga masa ƙofa da asuba. Wata 16 suna yawo da shi daga kurkuku zuwa sansanin gwale-gwale, Sonnenburg, Brandenburg, Oranienburg. Suka farfasa masa haƙora, suka karya masa yatsu don kada ya ƙara rubutu. A daren 9 ga Yuli 1934 dakarun SS, rundunar musamman ta 'yan Nazi, suka kashe shi, suka rataye gawar a banɗaki, suka ce shi ya kashe kansa. Abokan zamansa a sansanin sun shaida cewa ya riga ya gaya musu ba zai taɓa yi wa makasansa wannan aikin ba.

Matarsa Zenzl, 'yar ƙauye daga Bavariya da ya aura a 1915, ta ga gawar da idonta, ta ƙi yarda da ƙaryar. Ta gudu Prag da takardunsa, ta rubuta wa duniya abin da aka yi masa. Daga nan ta amsa gayyata zuwa Mosko, tana zaton ta isa tudun mun tsira. A 1936 'yan sandan Stalin, shugaban Tarayyar Soviet, suka kama ta. Tsakanin kurkuku da sansani da zaman gudun dole, sai 1955 ta samu komawa Berlin ta Gabas, inda ta rasu a 1962.

Yau da yamma zan koma majalisa, kuma na san za a sake miƙo wayar.