Ku daina cewa Nepo ba shi da zuciya

Jama'a abin nan ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, duk inda aka ambaci Ian Nepomniachtchi (Nepo), ɗan Rasha ɗin nan gwanin wasan ches, sai wani ya yi caraf ya ce ai shi ne mai iyo sai ya zo bakin gaɓa ya nutse. Haba malam. Kun san mene ne gasar Candidates kuwa? Mutum takwas ne cikin manyan gwanayen duniya, wasa 14, ɗaya tak ke fita ya ƙalubalanci zakaran duniya, kuma bawan Allah nan ya cinye ta sau biyu a jere, a Yekaterinburg 2021 sannan a Madrid 2022, inda ya samu maki 9.5 ba wanda ya kayar da shi ko sau ɗaya.

Ni na kalli wasa na shida na karawar kambun duniya da ya yi a Dubai 2021 da Magnus Carlsen, zakaran duniya na lokacin, a waya, ranar Juma'a ce, na dawo daga masallaci na tarar sun fara, aka yi La'asar aka yi Magariba aka yi Isha'i suna zaune, sau biyu ina sa caji. Motsi 136, kusan awa takwas, ba a taɓa wasa mai tsawon wannan ba a karawar kambun duniya, kuma biyar ɗin farko duk canjaras aka yi. Wanda ba shi da zuciya ba ya jure wannan zaman. Eh na yarda Carlsen ne ya ci wasan, daga nan kuma Nepo ya wargaje, a wasa na tara da hannunsa ya tura soja gaba ya bar bishof ɗinsa a tarko, kuskuren da ko mu 'yan koyo za mu ji kunyarsa, aka tashi 7.5 da 3.5.

Matsalarsa a ganina gaggawa ce. Hannunsa na riga tunaninsa, lokaci na nan jibge a agogonsa amma sai ya buga ya miƙe, kuma wannan saurin ne dai ya kai shi inda yake don shi ke rikita abokan karawa. A karawar kambun duniya ta Astana 2023 sau uku yana shiga gaban Ding Liren ɗan China, sau uku Ding na ramawa, aka yi 7 da 7, sai a wasan sauri na huɗu na raba gardama abin ya kuɓuce masa. Hannunsa na rawa har 'ya'yan wasan da ke gefe suka zube ƙasa, wallahi ranar ban iya cin abincin dare ba.

Duk da haka ya dawo gasar Candidates ta Toronto 2024 ba a ci shi ko wasa ɗaya ba, rabin maki Gukesh ɗan Indiya da ya ci gasar ya fi shi. A zagayen ƙarshe Fabiano Caruana ɗan Amurka ya kusa gama da shi, ya tsaya ya kare kansa har motsi 109 aka yi canjaras, su biyun duk suka rasa damar kamo Gukesh, shi ne ya ɗago kai ya ba Caruana haƙuri.