Cocin Escomb ba akurki ba ne

Har yanzu maganar da abokin tafiyarmu ya yi ranar Asabar tana ci mini rai. Mun taso daga birnin Durham na ƙasar Ingila musamman don ganin cocin ƙauyen Escomb, mutumin nan ya leƙa sau ɗaya ya ce wai wannan ɗan akurkin muka ƙona mai dominsa? Akurki fa!

Ginin da aka ɗora tun wajen shekarar 675, yana tsaye fiye da shekara 400 kafin a sa harsashin babban cocin Durham a 1093, shi ne akurki? Duwatsunsa daga sansanin sojojin Rumawa na Binchester aka kwaso su. A bangon arewa akwai wani dutse da aka sassaƙa LEG VI a jikinsa, alamar runduna ta 6, magina suka ɗora shi a kife don dutsen suke so, ba rubutun ba. Na daɗe tsaye a gabansa ina karkata kai. Cikin cocin kuwa siriri ne mai tsawo, tagogin asali ƙanana can sama, a buɗe ta ciki, a tsuke ta waje.

Abokin tafiyar namu ya ce ai mutum 65 kacal cocin yake ɗauka. To sai me? Irin wannan lissafin mutanen ƙauyen suka yi a 1863, suka gina sabon coci babba suka watsar da tsohon har rufinsa ya lalace. Sai daga baya aka farga aka gyara shi wajen 1880. Ina babban yake yau? An rushe shi a 1971. Ƙaramin da aka raina shi ne ake ibada a cikinsa har gobe.

Kada wanda ya zo mini da zancen ai ba addininmu ba ne. Ban je bauta ba, aikin hannu na je gani. Ƙanƙantarsa ce ma ta tsare shi, da babba ne mai kuɗi da tuni an faɗaɗa shi an ɓata. Wallahi mai auna darajar gini da girmansa bai san gini ba.

Abin da ya fi taɓa ni ma mabuɗin ne. Mun tarar da ƙofa a kulle, ashe yana rataye a ƙofar wani gida kusa. Ka ɗauka, ka buɗe, ka gama, ka mayar. Ba wanda ya tambaye mu ko su wane ne mu.