Ku Sakar Wa Einstein Riga Haka Nan

Jiya ma an sake turo mini labarin nan a WhatsApp. Wai wani farfesa mai musun samuwar Allah yana ta baza hujjoji a aji, sai wani ɗalibi ya miƙe ya ƙure shi da tambaya a kan sanyi da duhu, aji ya yi tsit. Can ƙasa aka rubuta wai ɗalibin nan Albert Einstein ne. Jama'a, wannan ƙanzon kurege ne. Babu shi a wasiƙunsa, babu shi a tarihinsa, amma duk shekara sai ya dawo.

Masu addini na jan hannun rigarsa na dama, masu cewa babu Allah na jan na hagu, kowa so yake a ce tsohon nan mai buzu-buzun gashi nasu ne. Alhali mutumin ya faɗi matsayinsa da bakinsa. A 1929 wani malamin Yahudawa a New York, Herbert Goldstein, ya aika masa da tambaya kai tsaye: ka yarda da Allah? Ya ce ya yarda da Allah irin na masanin falsafa Spinoza, wanda ke bayyana cikin tsarin da halitta ke tafiya a kai, ba wanda ya damu da ayyukan mutane da makomarsu ba. To ka ji. Babu wahayi, babu addu'a, babu hisabi. Ina tauhidi a nan? A 1954, shekara guda kafin ya mutu, ya rubuta wa masanin falsafa Eric Gutkind cewa a wurinsa kalmar Allah aba ce da raunin ɗan Adam ya haifar. Wasiƙar ce aka yi gwanjonta a 2018 a kan kusan dala miliyan 2.9. Su ma ɗaya ɓangaren kada su yi saurin tafi, don ya sha cewa shi ba ya cikinsu, har yana jin haushin masu kafa hujja da shi.

Ni dai a ganina, lambar Nobel ta 1921 da aka ba shi kan binciken haske ba ta mai da shi mufti ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. In har imaninka sai Einstein ya sa masa hannu zai tsaya, akwai sauran aiki.

Inda mutumin ya fi burge ni, ba a cika tura shi a waya ba. Ya bar Jamus, Hitila ya hau mulki a 1933, bai sake taka ƙasar ba. Da ya zauna a Amurka, sai ya tarar ana yi wa baƙar fata irin wulaƙancin da ya sani sarai. A 1937 mawaƙiya Marian Anderson ta je Princeton, garin da yake zaune, yin wasa, otal ya hana ta ɗaki saboda launin fatarta. Einstein ya ce ta zo gidansa ta sauka. Ka duba fa, ba wani dogon jawabi, ɗaki kawai ya buɗe mata. A 1946 kuma ya je Jami'ar Lincoln ta baƙar fata ya ce wariyar launin fata cuta ce ta fararen fata. A 1949 ya yi rubutu yana goyon bayan gurguzu, a lokacin da wannan kalma ke raba mutum da aikinsa. Hukumar FBI ta tara masa fayil mai shafi sama da dubu. A 1952 aka yi masa tayin shugabancin Isra'ila, ya ce a kai kasuwa.

Ba waliyyi ba ne, kada a ce na ce. Shi ya sa hannu a wasiƙar 1939 da ta ja hankalin Shugaban Amurka Roosevelt kan bam ɗin nukiliya, ya kuma yi da-na-sani daga baya. Abin da ya rubuta game da 'yan Sin a tafiyarsa ta 1922 ma ba ya da daɗin ji.

Na mayar wa wanda ya turo mini labarin da duk wannan. Amsarsa ita ce, "Ko ba shi ya faɗa ba, ai maganar gaskiya ce." Na ce masa to madalla, cire sunan bawan Allah ka sa naka, mu ga mutum nawa za su tura.